Gajiya Ce ko Lalaci? Amsa ga Wani Mai Kula da Ma'aikata a Gombe

Tambaya: Wani bawan Allah da ke kula da ma'aikata kusan 30 a wani kamfanin casar shinkafa a bayan garin Gombe ya rubuto cewa tun da aiki ya yi yawa bayan kaka suka koma dutin awa 12, rukuni ɗaya da rana, ɗaya da dare, ana musanya duk mako. A 'yan watannin nan kurakurai sun yawaita, makara ta zama ruwan dare, mutanen da a da ba a jin kansu sun fara cacar baki, har wani ya kusa barin yatsunsa a bel ɗin inji. Ya raba takardun tuhuma, ya sa an yanke wa wasu albashi, amma abin bai sauya ba. Yana son ya san yadda zai bambance gajiya da lalaci, da kuma abin da zai iya yi tunda ba shi da ikon ƙara albashi ko ɗaukar sababbin ma'aikata.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya yin wannan tambaya, domin da yawa daga masu riƙe da irin kujerarka takardar kora suke fara rubutawa. Abin da ka bayyana ya fi kama da gajiya. Lalaci hali ne na mutum ɗaya, kuma yawanci tun makon da aka ɗauke shi aiki ake fara ganin sa, ba ya sauko wa mutum 30 a wata guda kamar annoba. Idan ma'aikatan da ka sani da ƙwazo suka sauya tare, kuma sauyin ya zo daidai da lokacin da aka tsawaita duti, to jadawalin aikin ne abin tuhuma na farko, kuma shi ne abin da ke hannunka.

Kada ka jira su faɗa maka da bakinsu. A wajenmu namiji yana jin nauyin ya ce aiki ya fi ƙarfinsa, ga tsoron kada a ce ga wasu can a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa, don haka duk wanda ka tambaya ko ya gaji zai ce maka ba komai, aiki da godiya. Akwai kuma wani dalili da ya fi kunya da tsoro zurfi, wato shi kansa mai gajiyar bai san iyakar abin da ya rasa ba. A 2003 masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun taƙaita wa wasu mutane lafiyayyu barci zuwa awa 6 a kowane dare har tsawon kwana 14, suna gwada natsuwarsu da saurin mayar da martaninsu kullum. Natsuwar tasu ta riƙa raguwa kowace rana, har ta kai matsayin ta wanda ya yi kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam, alhali su da kansu suna cewa barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Ma'aikacin da ya rantse maka cewa garau yake yana iya kasancewa da gaskiya yake faɗa gwargwadon abin da yake ji, amma hannunsa da idonsa sun riga sun yi nauyi.

Saboda haka sai ka koma ga shaidar da ba ta jin kunya, wato littattafan kamfani. Ɗauko rajistar zuwa aiki, da littafin da ake rubuta lalacewar inji, da duk inda aka rubuta buhun da aka auna ba daidai ba ko shinkafar da ta kakkarye ko ta ƙone wajen turarawa, ka bi na wata uku, kana rubuta wa kowane kuskure abu uku a gefensa: ƙarfe nawa ya faru, awa ta nawa ce mutumin yake a bakin aiki, kuma kwana na nawa ne a jere bai huta ba. Idan ba a rubuta lokaci a littattafan, ka sa a fara daga gobe. Abin da nake sa ran za ka gani shi ne kurakuran sun taru a wurare sanannu, wato tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 6 na asuba, lokacin da agogon jikin ɗan Adam yake sauke komai don barci ko da mutum yana tsaye, sai kuma awa biyu ko uku na ƙarshen duti, sai dare na huɗu da na biyar a jere. Wani nazari da Simon Folkard da Philip Tucker suka wallafa a 2003, wanda ya tattara alƙaluman haɗurran masana'antu, ya nuna haɗarin rauni a awa ta 12 ya ninka na awa 8 na farko fiye da sau biyu, kuma idan aka kwatanta da daren farko, haɗarin yana ƙaruwa da kusan kashi 6 cikin 100 a dare na biyu, kashi 17 a na uku, kashi 36 a na huɗu. Ku kuma dare shida ko bakwai kuke jerawa. Ka bincika ƙarfe nawa wancan bawan Allah ya kusa rasa yatsunsa, kuma dare na nawa ne gare shi.

Bayan littafi sai ido. Shugaban da ke zuwa ƙarfe 8 na safe ya tashi bayan la'asar bai taɓa ganin ma'aikatansa na dare a halin da suke aiki ba, yana ganin su ne kawai sun wanke fuska suna gaishe shi. Ka je wata rana da misalin ƙarfe 3 da rabi na dare, ba don kama mai laifi ba, ka sami wuri ka zauna ka yi kallo na rabin awa. Dubi mai tsayuwa a bakin sikeli: zai ɗora buhu, ya zuba wa allurar ido, ya sauke, sannan ya sake ɗorawa domin ya manta abin da ya gani. Dubi mai ɗinke baki yana neman zaren da ke rataye a wuyansa. Dubi mai kula da injin da ya jingina da ginshiƙi, idonsa a buɗe, amma kansa ya yi ƙasa na daƙiƙa biyu ko uku ya zabura, in ka tambaye shi ya ce shi bai yi gyangyaɗi ba, kuma bai san ya yi ba. Wannan ɗan gajeren barcin da ke sace mutum a tsaye shi ne mafi haɗari a kusa da bel. Ka lura da wanda ake kira sau biyu kafin ya waiwaya, da wanda ya daina kashe inji kafin ya cire buntun da ya toshe saboda tafiya zuwa makunni ta yi masa nisa, domin mai gajiya kullum gajeriyar hanya yake nema ko da ya san haɗarinta. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostareliya sun gwada mutane suka tarar cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu natsuwarsa ta yi daidai da ta wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Mutumin da ya tashi sallar asuba ƙarfe 5, bai kwanta da rana ba, ya kama dutin dare, tun ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17 ɗin, kuma saura masa awa 8 ko 9 a gaban inji.

Bambanta shi da malalaci ba shi da wuya idan ka san mutanenka. Malalaci yana zaɓen aiki, yana ɓacewa idan an zo ɗaukar nauyi, yana bayyana idan an zo rabon abinci, kuma da an tashi sai ka gan shi da kuzari a majalisa ko gidan kallon ƙwallo. Wanda ya gaji kuwa gajiyar tana bin sa har cikin sha'anin kansa, yana gyangyaɗi a sahu, yana manta wayarsa, yana fushi da abokin da suka shekara suna raha. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka ba shi cikakken hutun kwana biyu a jere ka ga wanda zai dawo maka. Idan mutumin da ka sani a da ne ya dawo, to ka sami amsa. Saurin fushin da ka ambata ma alama ce, domin rashin barci yana rage wa mutum haƙuri kafin ya rage masa ƙarfi, shi ya sa a wuraren aiki da yawa rigima ce ke fara bayyana kafin haɗari.

Akwai rabin labarin da ba ya cikin kamfani, kuma sai ka san shi kafin ka gyara komai. Takarda tana nuna mai dutin dare yana da awa 12 na hutu, amma ka bi shi gida a zuciyarka. Ya tashi aiki ƙarfe 7 na safe, ya nemi abin hawa ko ya taka da ƙafa wani ɓangare na hanyar, tunda kuɗin mota da na acaɓa ya tashi tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya isa Pantami ko Bolari ko Tumfure rana ta riga ta ɗaga. Ɗakin kwano ne, babu wuta balle fanka, yara suna wasa a tsakar gida, maƙwabta suna daka. Kafin ya yi awa uku an yi sallama da shi, ko an yi rasuwa a unguwa, ko suna, ko ɗaurin aure, waɗanda ba ya iya cewa ba zai je ba. Wani ma ba ya kwanciya sam, babur yake karɓa ya yi acaɓa zuwa azahar domin albashin ba ya kai ƙarshen wata, in damina ta faɗi kuma gona ce. Na rana ma bai tsira ba: ya tashi aiki ƙarfe 7 na yamma, ya isa gida bayan isha'i, ya ci abinci, ya ga iyali, ya kwanta ƙarfe 11, asuba ta tashe shi ƙarfe 5. Awa 6 ke nan, alhali baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Tunda lokacin tashinmu asuba ta riga ta tsayar da shi, duk awar da aka ƙara wa aikin yamma daga barci ake ciro ta.

Wannan bayani ba a samun sa a taron ma'aikata, kuma ba a samun sa da tambayar ko mutum ya gaji. Ka keɓe da su ɗaya bayan ɗaya, a inuwa, ba a ofis ba, ka yi tambayar da amsarta lissafi ce: jiya ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, me kake yi tsakanin tashi daga nan da dawowa, wane sashe na aikin ne ya fi cin jikinka, wace awa ce ta fi yi maka wuya. Dattijon cikinsu, wanda suke kira Baba ko suke kai wa ƙara, ka fara da shi, domin abin da saurayi ba zai iya faɗa maka ba ya riga ya faɗa masa. Kuma kada ka yi wa kowa faɗa a kan aikin gefe da ya bayyana maka, in ka yi haka ƙofar ta rufe ke nan.

Wani abu da nake roƙon ka sa wa ido musamman a tsakanin 'yan dako da matasan leburori shi ne abin da suke sha don su jure. Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari suna ɗan ɗage barci, amma sinadarin da ke cikinsu yana daɗewa a jiki, rabinsa yana nan bayan kusan awa biyar, don haka wanda ya sha kofi mai kauri ƙarfe 5 na asuba don ya ƙarasa duti shi ne zai kasa barci in ya koma gida. Mafi muni shi ne tiramol da makamantansa, waɗanda wasu ke haɗiya don kada su ji ciwon jiki. Idan ka ga wanda ke aikin mutum biyu ba ya ko nishi, washegari kuma ya zo jiki a mace yana hamma da rawar hannu, ko ka fara tsintar fankon ƙwaya a bayan sito, to kada ka ɗauka ka yi dace da jarumi. Ƙwayar tana kama mutum har ya kasa bari, tana kuma iya jawo farfaɗiya, wadda a gaban inji ajali ce. Irin wannan asibiti yake buƙata, kuma yawaitarsa a wurin aiki shaida ce cewa an ɗora wa jiki abin da ba ya iya ɗauka sai da taimakon magani.

Yanzu ga gyara, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar ƙarin albashi. Dutin awa 12 sau shida a mako awa 72 ne, sau bakwai kuwa awa 84. Mai kamfani yana ganin kamar kowace awa da aka ƙara buhuna take ƙarawa, amma an daɗe da gwada wannan zato. Masanin tattalin arziki John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake nazarin alƙaluman ma'aikatan masana'antun harsashi na Birtaniya na lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya tarar cewa abin da suke samarwa yana tafiya daidai da awannin aiki har zuwa kusan awa 49 a mako, daga nan ribar kowace awa sai ta riƙa raguwa, har ta kai abin da ake samu a awa 70 bai fi na awa 56 da wani abin kirki ba, kuma hana su hutun ranar Lahadi ya rage yawan aikin da kusan kashi 10 cikin 100. Waɗannan mutane ne da ke aiki cikin yaƙi, ba wanda zai ce ƙwazo ne babu. Don haka abu na farko shi ne ranar hutu guda cikakkiya ga kowa a kowane mako, a rarraba ta yadda inji ba zai tsaya ba. Wannan ma ba alfarma ba ce. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci hutun da bai gaza awa 24 a jere ba a cikin kowane kwana bakwai, ya kuma ce wanda ke aikin awa 6 ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba a tsakiyar aikin, sashe na 18 kuma ya ba shi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da albashinsa bayan ya cika wata 12.

Abu na biyu shi ne jerin darare. Idan za ku iya raba mutum 30 ɗin gida uku, awa takwas-takwas, ya fi, ko da zai sa a rage gudun wani sashe da dare, kuma a riƙa juyawa gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi karɓar jinkirta barci a kan gaggauta shi. Idan mutum goma ba za su iya riƙe injin ba, ku bar awa 12 ɗin amma kada wani ya wuce dare uku a jere, kuma bayan dararen a ba shi kwana biyu da zai yi barcin dare a gidansa kafin ya koma na rana. Ranar musanya duti ita ce ranar da na fi tsoro a irin tsarinku, domin a wurare da yawa a ranar ne ake sa rukuni ɗaya ya zarce awa 18 ko 24 don a daidaita lissafi. Wannan a daina shi gaba ɗaya. Ƙa'idar da ƙasashen Tarayyar Turai ke bi ita ce aƙalla awa 11 a jere na hutu a kowace rana, kuma ma'auni ne mai kyau da za ka ɗauka tsakanin tashi da dawowa. A liƙa jadawalin a bango tun mako biyu kafin lokaci, domin mutumin da ya san ranar hutunsa yana iya tsara gonarsa da zumuncinsa a cikinta maimakon ya cinye su daga barcinsa.

A cikin dutin kansa, ka halatta abin da suke yi a ɓoye. Suna barci da dare, ko ka yarda ko ba ka yarda ba, bambancin kawai shi ne ko za su yi shi a kan tabarma ko a tsaye a gefen bel. Ka ware wuri mai tsabta nesa da ƙura da ƙarar inji, a riƙa sakin mutum biyu-biyu su kwanta minti 20 zuwa 30 tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 4, a sa wanda zai tashe su, kuma a ba wanda ya tashi kamar minti 10 ya wartsake kafin ya taɓa inji. Ƙailula ba baƙon abu ba ne gare mu, lokacinta kawai aka sauya wa mai aikin dare. Ayyuka masu haɗari, kamar gyaran bel da wanke tukunyar turara da hawa saman sito, a mayar da su farkon dutin rana, kuma kada a bar mutum ɗaya a bakin aiki iri ɗaya fiye da awa biyu ko uku, a riƙa musanya masu sikeli da masu ɗinki da masu jera buhu. A gyara hasken wurin, domin duhu-duhu yana kiran barci. Sannan a sa wa bel murfi, tunda duk yadda ka gyara jadawali wata rana wani zai yi gyangyaɗi.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma gara ka sani tun yanzu: wasu daga ma'aikatan da kansu za su ƙi wannan gyara. Wanda ake biya bisa yawan buhun da ya ɗauka, ko wanda kuɗin ƙarin lokaci ne ke cika masa cefane, zai ga rage awa a matsayin rage abinci. Idan ka rage awanni kuɗinsu ya ragu, za su cike giɓin da acaɓa, ka koma gidan jiya. Mafita ita ce a tsayar da abin da ake son rukuni ya casa a duti gwargwadon abin da suke casawa a yanzu, a ce in sun cika shi a awa 10 kuɗinsu na awa 12 yana nan, kuma a sa iyaka ga ƙarin lokacin da mutum ɗaya zai yi a mako, a raba shi da adalci maimakon mutum huɗu su kwashe. Ka zauna da su a tsara jadawalin tare, domin sun fi ka sanin wanda gidansa ke nesa da wanda matarsa ke jinya.

Zafi ma yana da nasa kaso. Daga Maris zuwa Mayu a Gombe rana tana kai maki 40 a ma'aunin zafi, balle a ƙarƙashin kwano kusa da tururi, kuma jikin da ya rasa ruwa yana gajiya tun kafin mai shi ya ji ƙishirwa. Shawarar masana lafiyar ma'aikata ga mai aikin ƙarfi cikin zafi ita ce kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, don haka randa ko kula ta kasance a inda ake aikin, ba a bakin ƙofa ba, kuma lodin mota a mayar da shi sassafe ko bayan la'asar. Sabon ma'aikaci ko wanda ya dawo daga jinya yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba da zafin wurin. Azumin 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, kuma a irin wannan lokaci, ga ƙishirwa ga barcin da sahur da tarawihi suka gutsure, hikima ita ce a tattara aikin ƙarfi bayan asuba da bayan shan ruwa.

Akwai kuma gajiyar da barci ba ya warkarwa, kuma ina zargin takardun tuhuma da yankan albashi sun fara haifar da ita a wurinku. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance ba, ta ce ba cuta ba ce a karan kanta, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, da nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa yi masa kallon banza, da raguwar ingancin abin da yake yi. Za ka gane ta a mutumin da a da yake kawo maka shawara yanzu ya yi shiru, wanda in ya ji inji yana wani ƙara daban sai ya ce ba ruwansa, masu shi su ji da shi. Christina Maslach da Michael Leiter, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan, sun ce yawan aiki ɗaya ne kawai daga tushenta shida, sauran su ne rashin ta cewa a kan yadda ake aikin, da rashin sakamako ko yabo, da lalacewar zaman tare, da rashin adalci, da sa mutum abin da ya saɓa wa abin da ya yarda da shi. A ganina rashin adalci ne ya fi saurin kashe zuciya a wuraren aikinmu. Ka duba wa kake kira duk lokacin da wani bai zo ba. Kusan kullum mutum biyu ko uku ne, masu kunya, waɗanda ba sa cewa a'a, kamar jakin da ba ya tirjiya da ake ta ƙara wa kaya, alhali ɗan uwan mai gida ko yaron wani babba ba ya taɓa kwana a bakin inji. Ma'aikata suna ganin wannan sarai ko da ba su furta ba. Hadisin Abu Zarri da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce in an ɗora masa to a taimake shi, kuma taimakon shugaba a nan shi ne ya raba nauyi daidai, ya kira mutum da sunansa ya gode masa a gaban jama'a, ya kuma gyara abin da aka kawo masa kuka a kai, ko da famfon wanka ne ko fitilar banɗaki.

Shawarata ita ce ka dakatar da yankan albashi saboda makara da kuskure har ka gama wannan bincike, ka kuma sanar a fili cewa duk wanda ya ce barci ya rinjaye shi za a ɗauke shi daga bakin inji zuwa aiki mara haɗari ba tare da an rage masa ko sisi ba, haka ma wanda ya kawo labarin haɗarin da aka tsallake. Na farkon da zai gwada maganarka kowa zai zuba ido ya ga abin da za ka yi masa, don haka ka shirya cika alkawarin. Wanda kuma aka ba hutu, aka gyara masa duti, amma kasala ba ta sake shi ba bayan mako biyu ko uku, a tura shi asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da ciwon suga da tarin fuka da ciwon damuwa duk suna zuwa da rigar gajiya, haka ma mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci. A auna wa kowa hawan jini. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40, kuma kai ma da ke kula da duti biyu kana cikin wannan lissafi.

Sauran aikin shi ne shawo kan mai kamfani, kuma da lissafi za ka je masa. Ka rubuta masa a shafi ɗaya buhu nawa aka yi asara a wata ukun nan, awa nawa inji ya tsaya saboda kuskuren hannu, nawa aka kashe a gyara da magani, mutum nawa suka bar aiki aka sha wahalar koya wa wasu, ka kuma nuna masa lokutan da abubuwan suka taru. Sannan ka nemi izinin gwaji na mako shida kacal a kan abu uku: ranar hutu ga kowa, iyakar dare uku a jere, da ɗan barcin tsakiyar dare. A ci gaba da rubuta buhunan da aka casa da kurakurai da makara kamar yadda aka rubuta na baya, ranar da wa'adin ya cika ku ajiye shafukan biyu gefe da gefe, a yanke shawarar jadawalin kaka mai zuwa a kan abin da suka nuna.